GARIN AMARE: TSARABAR TAFIYATA ZUWA IVANOVO TA ƘASAR RASHA

'Yan'uwana mata, uwayen gida da amare da 'yan mata adon gari, ban kuma manta da ku ba ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye mujallar nan a tsakiyar littafin lissafi don kada malam ya gani.  Wasiƙunku sun iso, na ga masu cigiyar ci gaban littafina. Yana nan tafe in Allah Ya so. Tafiya ce ta kama ni, kuma tsarabarta ce na ɗebo muku yau.

Akwai wani gari a ƙasar Rasha da ake yi wa laƙabi da Garin Amare. Na san yanzu wata ta gyara zama, tana hango lalle da turaren wuta da motocin kai amarya jere reras. To 'yar'uwa, riƙe zumuɗinki tukuna. Sunan akwai zaƙi a baki, amma a cikinsa akwai gumi, akwai hawaye, akwai kuma darasi gare ni da ke.

Sunan garin na gaskiya Ivanovo. Hajiyarmu har yau ba ta iya faɗa ba, Ibanabo take cewa. Mijin Yayata ne yake karatun likita a can, ya tafi da iyalinsa. Da Allah Ya sauki Yaya lafiya a daminar 2024, ga Hajiya da ciwon gwiwa, sai aka ce ni ce mara nauyi, in je in taya ta zaman jego. Daga Kano muka bi ta Alƙahira muka sauka Mosko, daga nan muka shiga wani jirgin ƙasa da suke kira Lastochka, wato tsattsewa, ya nausa da mu arewa maso gabas. Tafiyar kusan awa huɗu ce, ba abin da ido yake gani sai daji kore shar, da wasu dogayen itatuwa masu farin jiki kamar an shafa musu farar ƙasa, da 'yan gidajen katako masu ado a bakin taga.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rana. A watan Yuni ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, kafin ƙarfe huɗu na asuba kuma ta ɓullo. Yaya ta ce, "Ke dai ki gode Allah da rani kika zo. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, kogin garin nan kuwa daskarewa yake yi har a taka a wuce." Na ce, "Yaya, ni da ko sanyin Jos ban iya ba!"

Kina fitowa daga tashar jirgi, wadda aka gina a 1933, za ki yi arba da wani makeken mutum-mutumi na kan budurwa, gashinta iska ta kwashe shi baya. An kafa shi don tunawa da 'yan matan masaƙa da suka yi gwagwarmaya. Tambarin garin ma hoton budurwa ne a zaune tana kaɗi. Tun daga nan za ki gane cewa garin nan da zare aka gina shi, kuma hannun mata ne ya riƙe zaren.

GARIN DA AKA BAYAR A GARA

Abin mamaki, tun kafin a sa masa wannan laƙabi, aure ne ya riƙa juya garin. Masu ba da tarihin wurin suna cewa a 1561 Sarki Ivan na Huɗu, wanda ake kira mai ban tsoro saboda zafin mulkinsa, ya auri wata 'yar sarki daga duwatsun Kokeshiya, sai ya ba danginta ƙauyen Ivanovo kyauta. Zuriyarsu, gidan Cherkaski, suka riƙe shi shekara da shekaru. A 1743 wata 'yarsu mai suna Varvara, wadda ita kaɗai ubanta ya mallaka kuma ta fi 'yan matan zamaninta dukiya, ta auri Pyotr Sheremetev. A cikin abin da ta tafi da shi gidan miji har da ƙauyen nan sukutum, da gonakinsa, da mutanen cikinsa. Mu nan ana ta kukan tsadar gado da kujeru da garar shinkafa da man gyaɗa, wata ga ta an kai ta ɗaki da gari guda!

Kada ki yi dariya da yawa, don mutanen da aka bayar ɗin 'yan Adam ne. A wancan zamani yawancin talakawan ƙauyukan Rasha bayin gona ne, ubangida yana iya sayar da su ko ya ba da su kyauta. Ƙasar Ivanovo kuwa ba ta da albarkar noma sosai, ga hunturu mai tsawo, don haka mutanenta suka rungumi saƙa. Suna noma wata ciyawa mai kama da rama wadda ake fitar da zaren lilin daga jikinta. Iyayen gidansu suka bar su su yi sana'a su riƙa biyan kuɗi duk shekara, daidai da abin da kakanninmu suke kira murgu. A 1742 wani bawa mai suna Grigori Butrimov ya kafa masaƙa ta farko a ƙauyen. Wasu bayin suka yi kuɗi har suka fi 'ya'yan sarauta, amma duk da haka ba su da ikon kansu. Wani daga cikinsu, Yefim Grachev, sai da ya zube sama da rubul 100,000 a 1795 kafin ya fanshi kansa.

Daga lilin suka koma auduga, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita a ƙasarsu saboda sanyi, daga nesa ake kawo ta. Suka ƙware wajen buga fure a jikin yadi, da farko da hatimin katako da hannu, daga baya da inji. Wannan yadi mai fure shi suke kira sitets, shi ne atamfarsu. An ce faɗuwar wani tashin wani. A 1812 da Napoliyon na Faransa ya shiga Mosko, gobara ta cinye birnin har da masaƙunsa, sai kasuwa ta buɗe wa Ivanovo. A 1861 aka 'yanta bayin gona, a 1868 layin dogo ya iso, a 1871 aka haɗe ƙauyen da unguwar masu masaƙu da ke tsallaken kogin Uvod, ya zama birni da sunan Ivanovo-Voznesensk. Sai a 1932 aka gajarta sunan. Yadinsu ya kai har Farisa da ƙasashen tsakiyar Asiya, ana kiran garin Mancestar Rasha.

YAJIN KWANA 72

Amma masu kuɗin daban, masu gumin daban. Ma'aikaci yana yin sama da awa 11 a tsaye a gaban inji, in zare ya tsinke ko yadi ya ɓaci a yanke masa albashi, mace kuma a biya ta ƙasa da namiji. Ruwan rinin da ake zubarwa ya sa kogin Uvod yana sake launi kamar hawainiya. Tura ta kai bango a watan Mayu na 1905, dubun dubatar ma'aikata suka ajiye aiki. Da aka hana su taro a tsakiyar gari sai suka koma bakin wani ƙaramin kogi mai suna Talka. Suka zaɓi wakilai 151, fiye da 20 daga cikinsu mata, suka kafa majalisarsu. Babbar buƙatarsu ita ce a mayar da aiki awa 8 a rana, a kuma ƙara albashi. An turo mahaya dawakai sun buɗe musu wuta, an rasa rayuka, amma sai da suka yi kwana 72 kafin yunwa ta mayar da su aiki, bayan sun sami ɗan ƙarin albashi da ɗan ragin lokaci.

Ga wani abu da zai yi wa 'yan ajin tarihi amfani. Kalmar da suke kiran majalisa ko shawara da ita a harshensu ita ce sobiyet. Wannan majalisa ta masaƙan Ivanovo ana lissafa ta a matsayin ta farko da ta haɗa gari guda, kuma irinta ce ta yaɗu har aka sami ƙasar da ake kira Tarayyar Sobiyet daga 1922 zuwa 1991.

Ranar wata Asabar mijin Yaya ya kai ni gidan tarihin atamfa, wanda aka buɗe a 1987 a tsohon gidan wani attajiri, Dmitri Burylin. Shi wannan mutum kuɗin masaƙa ya sa ya zaga duniya yana sayen kayan tarihi, har da gawar Misira ta zamanin Fir'auna, ya gina musu gida a 1914. Bayan juyin juya hali na 1917 gwamnati ta karɓe masaƙar da gidan da komai, aka bar shi mai kula da kayan da ya saya da kuɗinsa, a 1924 ma aka sallame shi, ya mutu a shekarar. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

A ciki na ga jan yadi mai fure wanda in aka shimfiɗa shi a Kantin Kwari wallahi kafin azahar ya ƙare. Na kuma ga abin dariya. A wajajen 1927 zuwa 1933 masu zane sun ce fure kayan masu kuɗi ne, sai suka koma buga hoton tarakta da jirgin sama da ƙwan lantarki da lauje da guduma a jikin yadi. Ki dubi Allah, a ce saurayi ya kawo miki turmi mai tarakta a kayan sallah! Matan can ma ba su yi na'am ba, daga baya aka daina, fure ya dawo. A wannan gari aka haifi Slava Zaitsev a 1938, wanda ya fara da koyon zanen yadi ya zama mashahurin mai tsara tufafi na ƙasar, ya rasu a 2023.

INA ANGWAYEN?

Yanzu mu zo ga laƙabin. Aikin kaɗi da saƙa a masaƙun Sobiyet kusan duk na mata ne. Kowace shekara 'yan mata masu shekara 15 ko 16 suna barin ƙauyukansu su zo makarantun koyon sana'a na Ivanovo, a ba su gado a ɗakin kwanan ma'aikata, a koya musu inji. Ga shi kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ci wa ƙasar mutum wajen miliyan 27, akasarinsu maza. Sai gari ya cika da 'yan mata da zawarawa, maza suka zama gwal. A harshensu kalmar da muka fassara da amarya tana kuma nufin budurwar da ta isa aure. Kin ga ke nan ainihin ma'anar ita ce garin masu jiran miji. Wata waƙa a wani fim na 1981 ita ta ƙara yayata sunan. Gwamnati da kanta ta ga matsalar, ta kafa masana'antun ƙarfe, irin na motocin ɗaga kaya, don maza su sami dalilin zuwa.

Matan ba su zauna tagumi ba. A 1935, a garin Vichuga da ke wannan lardi, wasu masaƙa biyu, Yevdokiya da Mariya Vinogradova, sun kai ga kula da injin saƙa 216, kowacce a lokacin aikinta, sunansu ya zaga ƙasa. Valentina Golubeva ta fara a matsayin masaƙiya, ta sami lambar girma mafi daraja ta ma'aikata har sau biyu, daga baya ta zama shugabar masaƙar da ta yi wa aiki. Ma'aikatan garin ne kuma suka tara kuɗi aka gina gidan renon yara na Interdom a 1933, inda yara daga ƙasashe fiye da 80 suka tashi, har da 'yan Afirka, har da ɗan Mao na ƙasar Sin.

Duk wannan a takarda ne. Wadda ta sa na ji shi a jikina ita ce wata tsohuwa maƙwabciyar su Yaya, ƙofa da ƙofa. Babushka muke ce mata, wato kaka. Tun ranar da ta ji kukan jariri ta ƙwanƙwasa ƙofa da 'yar safa da ta saƙa da hannunta. Da ta fahimci ba ma cin alade, sai ta koma kawo mana wata fanke mai faɗi da suke kira blini, da kindirmonsu mai kauri, smetana. Kunnenta ya yi nauyi, bakin mutum take kallo in yana magana. Ta ce a masaƙa ta koya, don ƙarar inji ba ta barin a ji maganar na kusa, da leɓe suke hira.

Yaya ce ta riƙa yi mini tafinta. Tana da shekara 16 ta zo daga ƙauye da akwatin katako ɗaya. Su huɗu a ɗaki, aiki kashi uku, safe da yamma da dare. Ranar hutu in an je dandalin rawa, mace da mace suke kamawa su taka don samarin ba sa isa. Na ce, "Yaya, tambayar mini ita, to ita ya aka yi ta samu?" Babushka ta yi dariya har da hawaye, ta ce wani mai walda ne daga masana'antar ƙarfe, su uku suke sonsa, ita ta yi nasara don ta fi su iya miyar kabeji. Biyu daga 'yan ɗakinsu kuwa har suka tsufa ba su yi aure ba.

Sai kuma fuskarta ta canja da ta zo kan 1991. Audugar da masaƙun suke aiki da ita daga Uzbekistan take zuwa, lokacin ƙasa ɗaya ce. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje sai ta zama kayan waje, sai da kuɗi a hannu. Ga kaya masu araha daga Sin da Turkiyya sun cika kasuwa. Masaƙu suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce akwai watannin da ba a ba su albashi, sai a ba su bandir na yadi da zannuwan gado, su ɗauka su je bakin titi ko tashar jirgi su sayar. Mijinta ya rasa aiki, zaman banza ya jefa shi shan giya, bai daɗe ba ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ta nuna mini wani tsohon keken ɗinki a lungun ɗaki, ta dafa shi, ta ce shi ne mijinta na biyu, kuma bai taɓa ɓata mata rai ba. Da shi ta yi ta ɗinka rigunan filo da zanin gado har yaran suka gama makaranta. Allah sarki, na daɗe ban ji abin da ya taɓa mini zuciya haka ba.

GARIN A YAU

Ƙidayar 1989 ta sami mutum kusan 480,000 a garin, ta 2021 kuwa wajen 360,000. Matasa da yawa sun tafi Mosko neman albashi mai tsoka. Mata sun fi maza yawa har gobe, amma haka abin yake a kusan duk Rasha, don mazansu ba sa kai matan tsawon rai. Tun 2022 kuma ga yaƙin Yukren, na ga allunan neman sojoji a bakin titi, na ce a raina, to, ga wasu amaren kuma za su shiga jira.

Amma garin bai mutu ba. Har yanzu lardin ne yake fitar da mafi yawan yadin auduga na ƙasar. Wasu tsofaffin masaƙun jan bulo sun zama kantuna, wasu sun zama shagunan ɗinki. Akwai manyan kasuwannin zanin gado da tawul da labule da rigunan barci, motoci cike da 'yan sari suna zuwa daga wasu garuruwa, wasu kuma ta intanet suke sayarwa a Wildberries da Ozon. Jami'o'insu suna ɗauke da ɗalibai daga Afirka da Asiya. Akwai masallaci, inda na ga 'yan ƙabilar Tatar da Uzbek da 'yan'uwanmu baƙar fata a sahu ɗaya. Mun kuma leƙa ƙauyen Palekh, inda tun 1924 masu zane suke yin wasu 'yan akwatuna baƙaƙe masu sheƙi da zanen ruwan zinare. Na sayo ƙarama ɗaya ta ajiye 'yan kunne, kuɗinta ya sa ni salati.

Biki ma na gani. Kafin a fito da amarya ƙawayenta suna tare ƙofa sai ango ya biya, kamar sayen bakinmu. Uwar ango tana tarbar su da wani ƙaton burodi da gishiri, kowa ya gatsa, wanda ya fi cizo babba wai shi ne zai mulki gidan. Zoben aure a hannun dama suke sa shi. Sauran abin da suke yi a gaban jama'a ba zai faɗu a mujallar nan ba.

Ƙannena, labarin nan ba na nesa ba ne. Kaduna ta sami babbar masaƙarta ta farko a 1957, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano ma haka. Yau yawancinsu a rufe suke, atamfar da muke rububi a kasuwa akasari daga waje take zuwa. Kawuna ya yi shekara 20 a wata masaƙa, ranar da aka rufe ƙofa da hularsa kawai ya dawo gida, ƙosai da ɗinkin matarsa ne suka rufa musu asiri. Aure sunna ne, kowacce tana fatan nata, ni ma ina layi. Amma miji mutum ne, yana iya rasa aiki, yana iya ciwo, yana iya rigan ki tafiya. Ki gama makarantarki, ki kuma riƙe wata sana'a a hannu, ko ɗinki, ko saƙa, ko rini, ko kitso.

Sai gargaɗi ɗaya. A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton 'yan matan Afirka, har da 'yan Nijeriya, masu shekara 18 zuwa 22, da aka jawo ta intanet da alƙawarin karatu da aiki a yankin Alabuga na Tatarstan, wani ɓangare na Rasha, suka tsinci kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. Don haka duk tallar da kika gani a waya ta tikiti kyauta da albashin dala, kada ki ɓoye wa iyayenki, kada ki tura hoton fasfo ɗinki sai an bincika. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Nan zan dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto ta adireshin mujalla kamar kullum. Allah Ya ba 'yan mata mazaje nagari, Ya zaunar da amare lafiya a ɗakunansu, Ya sa albarka a abin da hannunmu yake yi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.